Guraben aiki suna nan, amma tun aji huɗu ake rufe wa yaro ƙofarsu

Bayan koyarwa, aikin da aka ɗora mini a makarantarmu shi ne ba ɗalibai shawara kan abin da za su karanta gaba. Galibi ba a tunawa da ofishin sai lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ko sakamakon WAEC da NECO ya fito. Tambayar iyaye kusan ɗaya ce kullum: "Malam, wane karatu ne ake samun aiki da shi?" Tambayar tana da amsa. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne yawancinsu suna zuwa nemanta bayan lokacinta ya wuce da shekara uku.

Duk wanda yake zagaya garuruwanmu ya san inda ake neman mutane. Asibitocin karkara suna neman ma'aikatan jinya da ungozomomi. Makarantu suna neman malamai, musamman na lissafi da kimiyya. 'Yan sanda da soja suna ɗiba a kai a kai. Ga kuma aikin hannu: wayarin, haɗa sola, walda, gyaran famfo. Amma cincirindon masu nema wani wajen yake. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, da matasa suka cika filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice, har aka rasa rayuka a turmutsitsi. Kowa yana son kujerar ofis, alhali asibitin ƙauye na nan da ma'aikaci ɗaya tilo, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai allura, shi ne mai rubuta kati.

Fannin lafiya ne ya fi ci mini rai. Don yarinya ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Makarantun fasahar lafiya masu horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su ma kusan darussan nan suke nema. Wanda ya rasa guda ɗaya a ciki, ko da yana da kiredit takwas a wasu darussan, ba zai shiga ba.

Wata rana wani dattijo ya shigo da 'yarsa, ya zaro takarda daga cikin leda da ya naɗe sau biyu, ya shimfiɗa mini a kan tebur yana murmushi. Sakamako ne mai kyau ƙwarai: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Hausa, Addini, Tarihi, duk kiredit. Ya ce, "Malam, ungozoma take so ta zama. A garinmu idan haihuwa ta zo da gardama sai an nemi mota zuwa birni." Na bi layukan da yatsa ina neman Fiziks da Kemistiri, babu. Na tambaye ta ko ta taɓa yin su. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ajin da ƙawayena suka shiga na bi, kuma an ce ajin kimiyya babu malami." Uban ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "To yanzu yaya ke nan?" Abin da ya rage mata shi ne ta koyi darussa biyu daga tushe ta sake zama jarrabawa, da kuɗin rajista da na darasi, da shekara guda a ƙalla. Kuma a shekarun nan ne maganar aure take tasowa a gidajenmu.

Wannan zaɓi na ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci ana yinsa ne a farkon aji huɗu, yaro yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, sau da yawa ba tare da an tuntuɓi kowa a gida ba. Wani lokaci ma malami ne yake raba su bisa yawan kujeru. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yanzu na mayar da ƙarfina kan 'yan aji uku. A zangon ƙarshe nakan shiga ajinsu in rubuta darussan nan biyar a kan allo, in jera ayyukan da ba a shiga sai da su, in roƙi kowa ya kwafa ya kai wa mahaifinsa. Ba ina cewa kowa ya tafi kimiyya ba. Wanda zuciyarsa ke kan shari'a ko aikin jarida ya bi hanyarsa. Amma ya zaɓa yana sane da abin da ya bari.

Akwai wani abu da na daɗe ban ga alaƙarsa ba sai da na zauna a wannan kujera: ƙarancin ungozoma daga ƙarancin malamin Fiziks yake farawa. Makarantar 'yan mata ta ƙauye ba ta da malamin, don haka babu mai cin darasin, don haka babu 'yar garin da za ta cancanci shiga makarantar ungozoma. Sai a turo ma'aikaciya daga nesa, ta yi 'yan watanni ta nemi canjin wurin aiki. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya yi fama da irin wannan. Shi ya sa na ga hikimar shekarar share fage da aka taɓa gudanarwa a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko 'yan matan karkara a gyara musu darussan kimiyya kafin su shiga makarantun lafiya. 'Yar gari ita ce take zama a gari.

Darasi na gaba shi ne lasisi ya fi takardar kammalawa nauyi. Ma'aikacin jinya ba ya aiki sai da lasisin majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa. Ma'aikacin lafiya na matakin farko yana da tasa hukumar rajista, haka mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, haka mai ba da magani. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa allon suna da farin yunifom kawai gare su. Na ga waɗanda aka sayar da gona aka biya musu kuɗin shekara uku, a ƙarshe aka ce ba za su zauna jarrabawar lasisi ba, saboda hukuma ba ta san da kwas ɗin ba, ko makarantar ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka amince mata. Kafin a biya ko sisi, uba ya nemi ganin takardar amincewar hukumar da ta shafi kwas ɗin kansa, ya kuma tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe ko an yi musu rajista da ita.

Ina kuma gaya wa iyaye gaskiyar da ba ta da daɗi: buƙatar ma'aikaci daban, ɗaukarsa daban. Akwai masu lasisi a hannu da suka shekara suna aikin sa kai a asibitocin gwamnati, suna jiran ranar da za a buɗe ɗiba. Waɗanda suka ƙware kuma Ingila da Saudiyya suna janye su, har a 2024 majalisar jinya ta ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin ta tantance masa takardun fita. Duk da haka, mai lasisi yana da inda zai dosa, ko asibitin kuɗi ko ƙungiyoyin agaji. Ba ɗaya yake da wanda ya riƙe digirin da babu mai tambayarsa ba.

Koyarwa ita ce mafi faɗin ƙofa, kuma ita aka fi rainawa. Mafi ƙarancin shaida ita ce NCE, karatun shekara uku, sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai wadda aka kafa a 1993, ita ma da jarrabawarta. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su aka shiga neman sababbi. Ko mene ne ra'ayin mutum kan yadda aka yi abin, ya nuna takarda kaɗai ba ta riƙe wa mutum aiki. Yaron da ya ce mini zai je kwalejin ilimi nakan tambaye shi wane haɗin darussa zai ɗauka. Masu NCE a wasu fannonin sun yi yawa har suna bin makarantun kuɗi ana ba su abin da bai kai kuɗin mota ba. Mai Lissafi da Fiziks kuwa shugabannin makarantu ne suke nemansa.

Aikin ɗamara sharuɗɗansa a bayyane suke. Kurtun ɗan sanda ana neman shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, tsawon mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Abin da yake kayar da yaranmu a nan ƙaramin abu ne: a WAEC an rubuta Muhammad, a katin NIN Mohammed, a takardar haihuwa kuma wata shekara daban. Tun 2021 JAMB ma ba ta rajista sai da NIN. Gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni, kafin a gama an rufe shafin ɗiba. Don haka duk ɗan aji biyar da ya shigo wurina sai na sa ya jera takardunsa a kan tebur mun karanta sunan harafi bayan harafi.

Aikin hannu shi ne wanda ba ya tambayar kiredit, amma yana da nasa sharaɗin: haƙurin zama ƙarƙashin maigida, da amana, domin gidan mutane ake shigar da kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, masu shaguna da masu rijiyar burtsatse suka koma sola. Yaron da ya iya lissafin nauyin kayan wutar gida, ya san batir nawa da faranti nawa za su ɗauka, ba ya kwana biyu babu kira. Wanda ya iya ɗaura waya kawai bai san lissafin ba, shi ne yake ƙona wa mutane kaya. Ina ba su shawara su haɗa da takarda: gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, ko kuma jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fannin sana'a da kasuwanci. Aikin unguwa ba ya neman wannan, amma ranar da kamfani ko ma'aikata za ta ɗauki mai wayarin, ita ake fara tambaya, kuma soja ma suna da gurbi na daban ga masu sana'a da ke riƙe da ita.