Ɗinka Jakar Ƙarƙashin Sirdin Keke da Tsohon Wandon Jins

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kekuna masu yawa da suka daɗe a jingine a zaure suka sake hawa titi, kuma nawa yana cikinsu. Abin da na lura da shi shi ne cewa mun dawo da keke, amma ba mu dawo da 'yar jakar da ke tafiya tare da shi ba. Duk wanda ya san tsofaffin kekunan Raleigh da iyayenmu suka hau zai tuna da ƙaramar jakar fata da ake ratayawa a bayan sirdi da madaukai biyu, wadda a cikinta ake ajiye sifana da ƙyallen goge keke. A yau mutum zai kama hanyar gona ko ta wajen gari ba tare da komai ba, kuma idan tsidau ko ƙayar aduwa ta huda masa taya, sai ya tura keken har inda zai sami mai faci. Wannan jaka ba ta da wuyar ɗinkawa, kuma kusan duk abin da take bukata yana nan a cikin gida.

Magana ta farko ita ce ta yadi, kuma a nan na fi son in tsaya, domin yawancin jakunkunan gida da na ga sun lalace, tun daga zaɓen yadi aka kuskure. Atamfa da shadda suna da kyau a ido, amma ba su jure gogayya da ƙarfe, alhali jakar sirdi kullum tana gugar ƙarfe ne a duk ramin da taya ta faɗa. Tsohon wandon jins ya fi su nesa ba kusa ba. Saƙarsa ta karkace ce mai kauri, kuma wanda ya sha wanki ya riga ya gama tsukewa, saboda haka girman da ka yanka shi ne girman da zai zauna ko da ruwa ya jiƙa shi. Sai dai ba ko'ina a jikin wandon ne ke da amfani ba. Gwiwa da mazauni da tsakanin cinyoyi sun riga sun gaji, ko da ba su yage ba, kuma idan ka ɗaga su a rana za ka ga haske yana ratsa su. Wurin da ya kamata a yanka shi ne bayan ƙafa, daga ƙasan gwiwa zuwa kalmasa, inda yadin bai sha wahala ba. A kuma guji jins irin na yanzu mai roba a ciki, wanda ke miƙewa idan an ja shi, domin jakar da aka yi da shi za ta yi ta saki da nauyin kaya har ta kai ga taɓa taya. Wanda ba shi da tsohon wando a gida zai samu a wurin masu gwanjo, kuma a Kano kasuwar Ƙofar Wambai ta ishe shi, har da zare da allura da sauran kayan ɗinki.

Jins yana shan ruwa, kuma tayar baya tana watso ruwa da taɓo daidai wurin da jakar take a duk lokacin damina. Don haka sai an yi mata shafi. Yadin tsohuwar lema da ƙarafunanta suka karye shi ne ya fi dacewa a ganina, saboda ba shi da nauyi kuma allura tana ratsa shi cikin sauƙi. Guntun tamfol ma yana yi, ko da yake yana ƙara wa ɗinki kauri. Wasu kuma suna goga kakin zuma a jikin jins ɗin, su ɗora takarda su bi da dutsen guga har kakin ya narke ya shige cikin zaren. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma kamfanin Carradice na garin Nelson a Ingila, wanda ke yin jakunkunan sirdi tun shekarun 1930, da yadin auduga mai kauri da ba ya shan ruwa ya yi suna.

Kafin a taɓa almakashi, a tara kayan da za su zauna a cikin jakar a jera su a ƙasa: tif na ajiya ɗaya, faci da sholisho, ƙarafan ɓanɓare taya biyu, sifana mai lamba 15 ta kwance ƙafar keke, da ɗan ƙyalle. Girman waɗannan kaya shi ne girman jakar. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan, domin jakar da ta fi kayanta girma tana barin su suna kai-komo a ciki, sifana tana gugar tif, har ranar da za a bukaci tif ɗin a tarar ya riga ya huje. Ga kekena, tsawon inci 7, faɗin inci 4 da tsayin inci 3 da rabi a baya sun wadatar, sannan jakar ta tsuke zuwa kamar inci 2 a gaba, wajen ƙarfen da ke ɗauke da sirdi, don kada cinyar mahayi ta riƙa gugarta yana tuƙi. A zana wannan siffa a kan kwali, a yanka, a haɗa da gam, a gwada ta a ƙarƙashin sirdin tukuna. Idan tazarar da ke tsakanin gindin kwalin da taya ba ta kai yatsu uku ba, a rage tsayin.

Yanka kansa ba shi da yawa: gefe biyu masu kama da juna, doguwar tsiri ɗaya da za ta zagayo daga sama ta gaba zuwa ƙasa, da murfi. A bar rabin inci a kowane gefe domin ɗinki, a kuma yanka tsirin bisa tsawon ƙafar wandon, ba a gicciye ba. Keken ɗinki na gida, irin Butterfly ko Singer mai fedal, zai iya aikin idan an sa masa allura mai lamba 16 ko 18 da zaren roba mai ƙarfi, an kuma buɗe tazarar ɗinkin kaɗan. Inda yadi ya ninku har huɗu ko shida, a daddaka wurin da guduma a kan katako kafin a ɗinka, sannan a juya keken da hannu a hankali har a wuce.

Abin da ke raba jaka mai ƙarko da wadda za ta faɗi a hanya shi ne madaukai, kuma su ake fara ɗinkawa tun yadin yana shimfiɗe, kafin a haɗa gefuna. A ƙarƙashin sirdi akwai sanduna biyu na ƙarfe, kuma ta kansu babban madauki zai ratsa, ya zagaye jakar gaba ɗaya ta ƙasa, ya dawo ya ɗaure. Zagayewar nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce ke sa nauyin kayan ya hau kan madaukin maimakon ya rataya a kan ɗinki. Madauki na biyu ƙarami ne, a hancin jakar, yana kama ƙarfen sirdi don hana ta lilo hagu da dama. Igiyar tsohuwar jakar makaranta mai faɗin inci 1, tare da abin ɗaurinta na roba, ta dace da wannan aiki. A ƙona bakinta da ashana don kada ta warware, a sa wani guntun jins a ciki a matsayin ƙari daidai wurin da za ta zauna, sannan a ɗinka ta da murabba'i a kuma gicciya ɗinki biyu a cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan keken ɗinkin ya gaza a nan, babu laifi a kai wa baduku ko mai gyaran takalmi ya bi wurin da basilla da zare mai kaki. Dama can aikinsu ne, kuma ɗinkin hannunsu ya fi na inji riƙo a irin wannan wuri.

Game da bakin jaka, na fi son murfi a kan zif. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoran zif ta cushe su, taɓon damina kuma ya ƙarasa abin da ya rage, kuma zif da ya lalace ya kashe jaka ko da yadinta lafiya lau yake. Murfin da ya sauko daga sama ya rufe baki da rarar inci 2, wanda madaukin nan ya danne, ba shi da abin da zai lalace. Wanda ya nace sai zif, to ya nemi mai manyan haƙora, ya ɗinka masa 'yar rumfa ta yadi a samansa, ya kuma riƙa goga masa kyandir lokaci zuwa lokaci.

Saura abu biyu ƙanana da bai kamata a raina ba. Yadi kaɗai ba ya tsayawa da siffarsa, saboda haka a yanko leɓen roba daga jikin tsohuwar jarka, a goge kaifin gefunansa, a zura shi tsakanin jins da shafi a gindin jakar da kuma samanta. Sannan a ɗinka tsirin yadi mai ƙyalli a jikin murfin, irin wanda ke jikin rigar ma'aikatan hanya. Da yawa daga cikinmu muna dawowa gida bayan magariba a kan titunan da babu fitila, kuma bayan sirdi wuri ne da hasken fitilar mota ke sauka a kai.

Idan an gama, a naɗe tif a cikin tsohuwar safa kafin a sa shi, a kwantar da sifana a ƙasa, a cusa ƙyalle a sauran gurbin da ya rage har a girgiza jakar ba a ji motsi ba. Bayan mako guda ana hawa, a kwance ta a duba wuraren da sandunan sirdi suka gugi yadin. Duk inda launin jins ɗin ya fara fari, a ɗora masa guntun fata ko yankin tsohon tif a ɗinke, kuma a ƙara ɗaure madaukin, domin sabon ɗauri yakan ɗan saki a kwanakin farko.