Inda furojek ɗina na rini da zanen yadi ya kwana

Salam 'yan uwa masu fama da furojek na yadi, musamman mutanen Samaru da muke haɗuwa a situdiyo hannu duk shuɗi. Ga inda aikina ya kai, ko wani zai tsinci abin da zai rage masa asarar kuɗi.

Abin da na ƙara tabbatarwa a 'yan kwanakin nan shi ne tun a wajen sayen yadi ake cin nasarar rini ko a faɗi. Na yanko ƙyallaye daga akoko, alawayyo, farar shadda da wani yadi mai sheƙi da na sayo a kasuwar Sabon Gari, na tsoma su a ruwan kala ɗaya a lokaci ɗaya. Akokon ya sha sosai, amma fa sai da na dafa shi da sabulu na fitar da sitacin kamfani, in ba haka ba dabbare-dabbare kalar ke fitowa. Shadda kam ba a magana, furannin saƙarta har ƙara fitowa suke. Mai sheƙin nan kuwa ko a jikinsa, wanki ɗaya kusan komai ya zube don roba ce ta fi yawa a ciki. To kafin ku biya ku roƙi mai shago ya ɗan yanko muku ƙyalle ku kunna masa ashana, auduga warin ƙonannar takarda take yi ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Ɗaure-ɗaure bai ba ni wahala ba, zaren buhu da tsakuwa kawai, a ɗaure tamau. Sai dai don Allah wajen haɗa soda da haidiro, wato sinadaran da ake haɗa ruwan kalar kanti da su, ku sa safar hannu da takunkumi, ku yi a waje inda iska ke kaɗawa, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali. Kar ku tsorata in yadin ya fito da wata kala daban, ku shanya iska ta buge shi, kalar gaskiya za ta dawo.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne rinin gargajiya, kuma nan ne daɗin yake wallahi. Zoɓo dai ku haƙura da shi, ja ne mai kyau a tukunya amma da ya haɗu da sabulu ko kanwa sai ya juya ya koma wani toka-toka mara fasali, rana kuma ta ƙarasa shi. Gangamau ma rawayarsa akwai ɗaukar ido, sai dai ba ya jure rana. Bawon albasa ya fi su riƙo nesa ba kusa ba, in dai an fara jiƙa yadin a ruwan bagaruwa sannan alif. Bagaruwar nan ita ce ta burge ni, wadda majema ke jima da ita, na jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwa na tsoma ƙyallen da ya sha bagaruwa a ciki, nan take ya koma ruwan toka mai duhu, in ka maimaita har ya doshi baƙi, irin dabarar da dukawa ke baƙanta fata da ita ke nan. Amma kar a cika ruwan ƙarfen don yana cin zare, yadin ya riƙa yagewa.

Baba kuma, wato ganyen rinin shuɗi, ina ta lallaɓa shi a bokiti da toka. Mutanen marinar Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 suke rini, karofinsu a cikin ƙasa yake, ƙasar na riƙe musu ɗumi, ni kuwa bokitin roba ne ga sanyin hunturun Zariya, ruɓewar sai tafiyar hawainiya take, na naɗe shi da tsohon bargo ina fitar da shi rana. Ya dai fara kumfa a sama.

Batik, wato zana kaki a yadi don ya tare kala kafin a rina, da kyandir zalla tsagewa yake sosai kala ta kutsa ko'ina, da na haɗa da kakin zuma sai layukan suka zauna, ruwan kalar ma sai ya huce tukun in ba haka ba kakin ya narke. Sufabaiza ɗina ta ce in daina kwaso zanen intanet alhali ga zanen aska takwas a wuyan manyan riguna a cikin birni, ga dagi, ga zanen bangon ƙofar fadar Zazzau. Gaskiyarta ce. Yanzu na yanka zanen askar a jikin tsohon fim ɗin hoton ƙashi, ina shafa kunun sitacin rogo ta cikin ramukan irin yadda masu adire, rinin Yarabawa, ke yi a Abeokuta, tsomawar dole ta zama gajera don sitacin jiƙewa yake.

Sati mai zuwa gwajin wanki da rana zan yi, kowane samfur in raba shi biyu, rabi a taga rabi a cikin littafi. Wanda ya san mai zuma da ke sayar da kaki da araha ya yi min magana a aji.