Yadda ake gane littafin koyon kafinta mai amfani

Littattafan koyon kafinta iri biyu ne, ko da yake daga bango ba ka iya bambancewa. Wani zai ba ka hoton kujera da jerin awo, ya ce yanka nan, manna can, kana gama kujerar amfaninsa ya ƙare. Wani kuwa zai gaya maka dalilin da ya sa aka yanka a nan ba a can ba. A ganina na biyun ya kamata ɗan koyo ya fara nema, kuma gane shi ba ya ɗaukar lokaci: ka tsallake hotuna masu sheƙi, ka duba me ya ce game da danshin katako, da wasa kayan aiki, da daidaita katako kafin a fara zane a kansa. In babu waɗannan ukun, littafin kallo ne.

Danshi shi ne babba, don shi ke lalata aikin da aka yi da kyau. Katako ba ya daina motsi don an sare bishiya. Yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta. Da zarar danshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 sai ya fara tsukewa, in ya sake shan laima ya kumbura. Abin lura shi ne ba ko'ina yake motsi daidai ba. Ta tsawo kusan babu abin da ke canzawa, duka-duka kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 daga ɗanye zuwa busasshe ƙarƙaf. Ta faɗi kuwa motsin babba ne, kuma wanda ke bin zoben shekarun bishiya ya kai kusan ninki biyu na wanda ke ratsa zoben. Wannan ne ya sa falanki ke yin kwarmi idan ya bushe, gefensa biyu su ɗago zuwa ɓangaren da ɓawon bishiya yake a da.

Kafintoci na da lissafin kai-da-ka: canjin danshi na kashi 4 yana kawo canjin faɗi na kusan kashi 1. Ke nan saman tebur mai faɗin milimita 600 zai iya ƙaruwa ko raguwa da kusan milimita 6 in danshinsa ya canza da kashi 4 tsakanin lokacin laima da lokacin bushewar iska. Idan ka ɗaure shi tamau da gam da sukuru a kan firam ɗin da ba ya motsi, sai dai ko ya tsage ko ya ɓalle haɗin. Littafin kirki zai nuna maka mafita: a huda ramin sukuru da ɗan tsawo ta ɓangaren faɗi don sukurun ya sami wurin zamewa, ko a yi ƴan ƙananan maƙalai na katako masu shiga tsagi a cikin firam. Haka ma ƙofar kabad mai allo a tsakiya, allon ana zura shi cikin tsagi ne a bar masa sarari, ba a sa masa gam. Littafin R. Bruce Hoadley mai suna Understanding Wood, wanda ya fito a 1980, kusan a kan wannan batu ya tsaya, shi ya sa har yau ake komawa gare shi. Akwai kuma Wood Handbook na cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison, ana samunsa kyauta a intanet, cike da jadawalin yawan tsukewar itatuwa daban-daban. Ba littafin karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne, na dubawa ne in buƙata ta taso.

Sai dai a nan ma sai ka yi hattara. Littafin da aka rubuta don ƙasashe masu sanyi, inda ake ɗumama ɗakuna, zai ce a busar da katakon kayan ɗaki zuwa kashi 6 zuwa 8. Wannan adadi na iskar ɗakunansu ne. Abin da ake nufi shi ne katako ya daidaita da iskar wurin da zai zauna. Saboda haka ka jera falankan a inuwa, ka sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu, kowace a saitin ta ƙasanta, ka bar su mako ɗaya ko biyu kafin ka taɓa. Wannan na katakon da ya riga ya bushe ne. Ɗanye kuwa ƙiyasin da aka saba shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri, ko da yake yanayi da irin itacen suna rage wannan ko su ƙara.

Sai awo. Yawancin littattafan Amurka da inci suke aiki, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Matsalar ba a juyin lissafi take ba. Katakon da suke kira 2x4 ainihin awonsa inci 1½ ne da 3½, wato milimita 38 da 89, don sunan na kafin a busar a goge ne. Idan littafi ya ce a yi amfani da fulawud mai kaurin inci ¾, wato milimita 19, kai kuma naka mai milimita 18 ne, duk tsagin da ka yanka bisa awon littafin zai yi wa allon yawa da milimita ɗaya. Kabad mai gefe biyu kuma cikinsa zai ƙaru da milimita 2, durowa ta riƙa lilo. Don haka kada ka yanke komai gaba ɗaya daga jerin awon littafi. Ka fara haɗa gangar jikin, sannan ka auni ƙofa da durowa daga abin da ke gabanka.

Akwai kuma cin zarto, wanda jerin awo da yawa ba sa ambata. Faifan zarton inji yana cinye kusan milimita 3 a kowane yanka. Fulawud mai tsawon milimita 2440 ba zai ba ka guda huɗu masu 610 ba, don yanka ukun sun riga sun mayar da milimita 9 dusa. Zarto yana bin gefen layi ne ta ɓangaren da za a yar, ba tsakiyar layin ba.

Babin wasa kayan aiki shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali sabon cizal da sabon ƙarfen filen ba sa zuwa da kaifin aiki. Littafin da ya san abin da yake yi zai ce ka fara da bayan ƙarfen: ka kwantar da shi a kan dutse ka goga har wajen bakin ya yi sumul, ba tudu ba kwari. Sannan gangaren bakin, digiri 25, a ƙara ɗan siririn gangare na digiri 30 a ƙarshen baki. In ba ka da ma'aunin kusurwa, duba tsawon gangaren: a digiri 30 yana ninka kaurin ƙarfen sau biyu, a digiri 25 kuma kusan sau biyu da rabi. Za ka ci gaba da gogawa a dutse mai lamba 1000 (yawan lamba, yawan laushin dutse) har ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tashi ta baya, daga wannan gefe zuwa wancan, in ka shafa yatsa daga jikin ƙarfen zuwa baki. In bai tashi ba, ba ka kai bakin ba tukuna, komawa dutse mai laushi ɓata lokaci ne. In ya tashi sai ka koma mai lamba 6000 ko 8000 ka cire shi. Gwajin kuwa a kan ƙarshen katako mai taushi ake yi: kaifi zai fere shi ya bar fuska mai santsi, dakushi zai murƙushe jijiyar ya bar fari-fari.

Daidaita katako yana da jeri, kuma jerin ya tsufa. Joseph Moxon ya bayyana aikin filen a Landan tun wajen 1678, André-Jacob Roubo kuma ya yi nasa babban aikin a Faransa tsakanin 1769 da 1775, kuma abin da ake koyarwa yau bai yi nisa da nasu ba. Fuska ɗaya za ka fara miƙarwa, ka ɗora sanduna biyu miƙaƙƙu a kai da ƙarshe, ka sunkuya ka hango su: in ba su yi layi ɗaya ba katakon a murɗe yake. Ka yi wa fuskar alama. Sai gefe ɗaya, a daidaita shi da fuskar da sikwaya, shi ma a yi masa alama. Daga waɗannan biyun ake ɗaukar faɗi, da kauri, da duk wani zane. Wanda ke aza sikwaya yau a wannan gefe gobe a wancan, kuskuren kowane gefe yake tarawa, sai ranar haɗawa ya rasa abin da ya hana firam zama.

A haɗin rami da harshe, wato inda ake fere ƙarshen katako ɗaya ya shiga ramin da aka sara a ɗayan, littattafai sun yi ittifaƙi cewa kaurin harshe ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon: mai milimita 24 a ba shi harshe mai 8. Abin da na kirki ke ƙarawa shi ne ka zaɓi awon da ya yi daidai da faɗin cizal ɗin da kake da shi, ka fara sare ramin, sannan ka daidaita harshen da shi, don rage harshe ya fi gyara rami sauƙi. Ramin ya ɗara harshen zurfi da milimita 2 ko 3, in ba haka ba gam zai taru a ƙasa ya hana kafaɗun haɗin rufewa. Harshen ya shiga da turin hannu. In sai da dukan guduma mai ƙarfi, zai iya tsaga katakon. In kuma yana faɗowa da kansa, farin gam ba ya cike giɓi.

Farin gam yana ba ka minti biyar zuwa goma kafin ya fara kamawa, saboda haka a gwada haɗa komai ba gam tukuna, a buɗe kilam-kilam, wato ƙarafan matse katako, daidai awo a ajiye a kusa. Bayan an matse, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, in awon ya zo ɗaya firam ya miƙe. A bar shi a matse aƙalla rabin awa zuwa awa guda, kada a ɗora masa nauyi sai bayan awa 24. Gam a ƙarshen katako ba ya riƙo sosai, don jijiyar tana zuƙe shi kamar tsinken shan lemo. Gam ɗin da ya malalo kuma a kankare shi tas, in ba haka ba launi ba zai kama wurin ba, tabon zai fito bayan an shafa.

Tsofaffin littattafai sun fi kyau a aikin hannu, amma a ɓangaren inji kada ka bi su ido rufe. Da yawa suna nuna zarto mai tebur ba murfi, ba kuma ƙarfen nan da ke tsaye a bayan faifai. Ƙarfen shi ke hana katako matse faifan daga baya, in ya matse kuwa injin zai wurgo shi da ƙarfi ta inda mai aiki yake tsaye. Haka kuma ba kowane littafi ke faɗin haɗarin tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi ba. Man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, tsumma a dunƙule cikin kwandon shara zai iya kamawa da wuta da kansa. A shimfiɗa shi a fili ya bushe ƙarƙaf, ko a nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.