Kwale-kwale Uku a Bakin Tiga

Babana masunci ne, da gora da koma ya ciyar da mu. Ni su bai karɓe ni ba. Abin da na lura da shi tun ina yaro shi ne mutanen birni da ke zuwa bakin dam ɗin Tiga ranar hutu, su tsaya suna kallon ruwa, suna sha'awar shiga, babu mai shigar da su. Da kwale-kwalen Baba na fara, yanzu ina da uku, biyu na filafili, ɗaya mai injin Yamaha, da yara huɗu da ke aiki tare da ni. Muna zagayawa da baƙi, muna koya wa samari iyo a gefe.

Kasuwarmu bazara ce. Daga Maris zuwa Mayu, zafi na koro mana mutane daga Kano, sai kuma yawon Sallah. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, iska ta tayar da igiya, sai mu kife jirage a tudu mu toshe ɓaraka, mu shafa kwalta.

Wanda ya ce bai iya ruwa ba, ba ya ba ni tsoro. Zai sa rigar ceto, ya riƙe katako da hannu biyu, yana ta salati har mu dawo. Mai ce mini "Malam, ai na iya ruwa" shi nake sa wa ido. A kududdufin unguwa ko wurin wankan otal ya koya, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Tiga kuwa tun 1974 aka gama ta, zamanin Audu Bako, aka tare kogin Kano ruwa ya haye gonaki da kwazazzabai. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji babu ƙasa. Saman ruwan da ɗumi, can ƙasa sanyi ƙarara, nan take jijiyar ƙafa ke ɗaurewa. Ga tsofaffin ragar masunta da ke sarƙe ƙafa.

Bara wani saurayi ya tuɓe rigar a tsakiyar ruwa don a ɗauke shi hoto, ya yi tsalle. Bai yi ihu ba. Mai nutsewa ba ya samun bakin ihu. Kansa kawai na gani yana sama yana ƙasa, ido a waje. Filafili na miƙa masa, don in ka kai masa jikinka, da kai zai tafi. Da ya gama aman ruwa, wayarsa ya fara tambaya.

Tun hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamba 2021, da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, aka rasa fiye da mutum 20, nake ƙirga kai kafin a tashi. Mutum shida, riga shida. Alhazai kan ce, "Haba, ƙara yaron nan, ai ba shi da nauyi." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, sawu na biyu." Wasu sun yi fushi sun koma wajen maƙwabcina.

Masu iyo kuma ina faɗa musu gaskiya game da tsargiya: dodon koɗin da ke cikin ciyayin gefe shi ke ɗauke da ita. Duk wanda ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti, maganinta ƙwaya ce. Yarana ma duk shekara sai na kai su an duba.