Ranar da motata ta tashi tana kan D

Camry ce ƙirar 2004, otomatik, shekara huɗu tana hannuna. Wata safiya a tsakiyar damina na murɗa makulli, fitilun gaban sitiyari duk suka kama, hon yana yi, amma kika, na'urar da ke tayar da injin, ko tari bai yi ba. Na zargi batir, na aro na maƙwabcina, shiru. Shi maƙwabcin, tsohon direban tasi ne, ya leƙo ya ce, "Malam, taka birki ka mai da giya N, wato nutural, ka sake gwadawa." Bugu ɗaya ta tashi.

A ranar na fara jin sunan nutural suwic. Ɗan makunni ne da ke manne a jikin giyabos, daidai inda wayar sandar giya take ƙarewa. Shi ke hana wuta isa ga kika sai in giya tana P (fakin) ko N. A irin motata kuma shi ke kunna fitilar ribas, shi ke gaya wa kwamfutar mota giyar da aka saka.

Na yi mako uku ina tayar da ita a N, har ranar da N ɗin ma ta ƙi, sai na yi ta jijjiga sandar. Na kai ta wurin wani yaro mai wayarin a bakin titi. Ya ce, "Oga, wannan ai ba sai ka kashe kuɗi ba, dayarek za mu yi mata." Ya feɗe waya biyu ya haɗa su, ya naɗe da baƙin tef, minti goma bai cika ba. Na ji daɗi, na biya, na tafi. Ban tambaye shi me ya cire daga motar ba, shi ma bai faɗa ba.

Bayan kamar wata guda na dawo gida da magariba. Na yi hon, ba a buɗe ƙofa da wuri ba, sai na kashe injin ina amsa waya. Giya na nan a D, giyar tafiya gaba, ban lura ba, ƙafata kuma ba ta kan birki. 'Yata mai shekara tara ta fito tana jan ƙyauren. Na murɗa makulli. Injin ya kama da ƙarfinsa irin na farkon tashi, motar ta zabura gaba. Na danna birki da iyakar ƙarfina, bamba ya daki gefen ƙyauren da take riƙe da shi. Tsakaninta da motar bai kai taku ɗaya ba. Ta tsaya tana kallona, hannunta a kan ƙarfen, ta ce, "Baba, lafiya?" Na kasa amsawa. Da makunnin nan yana aiki, da na murɗa makulli na ji shiru, na duba giya, shi ke nan.

Washegari na nufi wajen Ƙofar Ruwa a Kano, wurin wani dattijo da ya daɗe a aikin wayarin. Da ya ga tef ɗin sai ya girgiza kai. Ya cire akwatin matatar iska don hannu ya samu shiga, ya kwance noti biyu, ya zaro makunnin ya buɗe a gabana. Ciki wasu 'yan tagulla ne da ke gogar juna in an motsa giya. Man da ke kansu ya bushe ya cakuɗe da ƙura, tagullar ta yi kore. Ya tambaye ni ko ana wanke mini injin da ruwan feshi mai ƙarfi. Kusan duk wata ake yi. Ya ce ruwan nan da kududdufan damina su suka cinye shi.

Ya wanke, ya goge, ya sa sabon mai kaɗan, ya mai da wayoyin yadda kamfani ya yi su. Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne saiti. Akwai layi a jikin makunnin da wata 'yar tsaga a kan sandar da ke ratsa shi. Sai an sa giya a N, an daidaita su biyun, sannan a ɗaure notin. Ya ce motoci da yawa makunnin lafiyarsa ƙalau, saitin ne ya goce, ko robar bakin wayar giya ta cinye, sandar tana nuna P alhali can ƙasa ba ta kai ba. Mai wayarin da ya sa na'urar bincike yakan ga lamba P0705, amma ba ita za ta gaya masa ko wanki ake bukata ko canji ba, sai ya buɗe.

Bai bar ni na tafi ba sai da muka gwada. Ya kori yaransa daga gaba da bayan motar, ya ce, "Alhaji, ja hanbirki, ka taka birki sosai." P ta tashi. N ta tashi. R (ribas), D, 2 da L duk shiru. Ya zagaya baya ya ga fitilar ribas ta kama.

Yanzu duk motar otomatik da wani nawa zai saya, 'yar Kwatano ce ko ta hannu, wannan gwajin nake fara yi kafin a yi maganar kuɗi. Ta ƙanena da muka duba a watan jiya ta tashi a R. Muka buɗe bonet, ga baƙin tef nan a naɗe.