Kafin ku ce a aiko muku da filasma

Daga Guangzhou, ƙasar Sin

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, yaya iyali?

Saƙon da ya fi zuwa wa mazauna nan shi ne: "Alhaji, a sako mini filasma babba, 4K, a kwantena." Filasma ta ainihi dai manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun 2014, sunan ne ya zauna a bakinmu. Yawancin abin da ke kasuwa yanzu LED ne, wato gilashin LCD da ƙananan fitilu ke haskawa ta baya.

Ku fara da abin da zai shiga talabijin ɗin, domin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka ba ta shi take nunawa. Hoto ɗigo-ɗigo ne. HD Ready tana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye. Full HD 1920 da 1080, 4K kuma 3840 da 2160, ninki huɗu na Full HD ke nan. To, tashoshin HD da ke kan dikodar DStv ko StarTimes ba sa wuce 1080, da yawa ma ba su kai HD ba. Wanda ya haɗa dikoda da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, layi 576 kawai yake samu, ko nawa ya sayi talabijin. A kan inci 55 hoton zai fito dishi-dishi, fuskar mai karanta labarai kamar an shafa mata man shanu, sai a hau zagin mai kanti. Wayar HDMI ce maganin. 4K ta gaskiya galibi sai ta intanet, kuma Netflix na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya. Ku duba aljihun data tukuna.

Ana auna inci daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba: inci 43 faɗinta wajen santimita 95 ne, inci 55 wajen 122. Ku auna daga bango zuwa kujera. Idan ya kai mita 3, ido ba zai bambance 4K da Full HD a inci 43 ba. A inci 32 kuwa, HD Ready ta wadatar.

Akwai abin da masu kanti ba su cika faɗa ba, nau'in gilashin. VA baƙinsa baƙi ne wuluk, ya dace da mai kallo shi da iyalinsa a gaban allo da dare, amma daga gefe launi yakan koɗe. IPS baƙinsa toka-toka ne, sai dai na kan tabarma a kusurwa da na kan kujera a tsakiya duk abu ɗaya suke gani. Falon da yara ke bajewa ko gidan kallon ƙwallo, IPS. A kanti ku matsa gefe sosai ku kalli fuskar mutum a allon, nan take za ku gane. OLED ta fi duka kyau, amma tambarin tashar da ke tsaye wuri ɗaya yini guda yana iya barin tabo a kanta, don haka ba ta gidan kallo ba ce.

Yanzu batun aike. Talabijin da aka yi wa kasuwar cikin Sin tsarin watsa tashoshi na DTMB take kamawa, manhajarta da Sinanci, babu Google Play. Ta Amurka ATSC ce, kuma wasu wuta mai ƙarfin volt 120 kaɗai suke ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Najeriya da Nijar da Gana DVB-T2 ake amfani da shi. A sa mai saye ya ɗauki hoton takardar da ke manne a baya, ku ga an rubuta 100-240V, 50/60Hz, a kwali kuma DVB-T2, da DVB-S2 ga mai son tashoshin dish na kyauta ba tare da risiba ba. Ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga shi garantin can ba ya aiki a Kano. A ganina, in ba sari za ku yi ba, sayen ta a gida wajen dilan da zai ba ku takardar garanti ya fi kwanciyar hankali.

Kada ku biya sai an kunna. Ku tafi da filashi mai hotuna biyar, fari fes, baƙi, ja, kore da shuɗi, kowanne ya cika allo. Mataccen ɗigo ko hasken da ke tsiyaya ta gefe nan yake tona kansa. Ku shiga menu ku ga ko lambar samfurin ta yi daidai da ta baya, don ana manna sunan babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba. Ramin HDMI ya kai uku, ɗaya mai alamar ARC saboda sifika, tunda siraran talabijin muryarsu ba ta da kauri. A mota a tsaye ake ɗaukar ta, in aka kwantar, ramin hanya ɗaya ya isa ya tsaga gilashin.

Da kun isa gida ku shiga menu ku sauya saitinta daga na kanti zuwa na gida, ku rage hasken baya zuwa kusan rabi. Fitilun bayan nan zafi ke kashe su, alamarsa kuwa murya na fita allo ya yi duhu. In kun haska tocila kun ga hoto a ɓoye, fitilun ne, ana canza su, ba sai an jefar da ita ba. Ku bar mata tazarar yatsu huɗu daga bango, ku riƙa share ƙurar hunturu daga ramukan iska. Ku sa mata gad mai jinkirta wuta idan an kawo, kuma a kashe ta kafin a juya layi zuwa janareta.

A gaida mutanen gida. Wassalam.