Kuɗin leƙa tumbi da yankar nama a Amurka: yadda nake haɗa lissafin

Ambulan huɗu na takardun neman kuɗi ke zuwa gidan mara lafiya bayan an yi masa endoskofi da bayofsi, wato leƙa tumbi da tsinko nama don gwaji, a Amurka, kuma ba rana ɗaya suke isowa ba. Ta farko daga ginin da aka yi aikin, ta biyu daga likitan ciki da ya zura na'urar, ta uku daga mai sa barci. Ta huɗu takan makara har mutum ya saki jiki, ita ce ta ɗakin gwajin da ya duba naman. Aikina shi ne haɗa wa mutane ƙiyasin waɗannan kuɗaɗe kafin ranar aiki, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce: a wace jiha ya fi araha? Nakan ce a bari mu fara warware ambulan ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, domin kowacce da abin da ke ɗaga ta.

Aikin kansa iri ɗaya ne ko'ina. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya bi hanyar abinci, ya shiga tumbi, ya leƙa farkon ƙaramin hanji. Ta cikin bututun ake tura ɗan hantsaki a tsinko nama da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yawanci minti 10 zuwa 20 an gama. Abin da nake fara nema daga ofishin likita shi ne lambar aikin. Idan leƙawa kawai za a yi, lambarsa ta CPT, wato jerin lambobin da ake cajin ayyukan likita da su, 43235 ce. Idan an tsinki nama, ta koma 43239, kuma sau ɗaya ake cajinta, ko tsinka ɗaya aka yi ko goma sha biyu. A kan 43239 nake yin lissafi ko da takardar ta ce leƙawa ce kawai, saboda sai likita ya ga cikin da idonsa yake yanke shawarar tsinka. Wanda ya kira asibiti ya tambayi "kuɗin endoskofi" babu lamba, sau da yawa farashin 43235 ake karanto masa, na gini kaɗai, ya tafi da murna.

Bambancin yanki da ke rubuce a doka, a tsarin Medicare ake ganinsa sarai, wato inshorar gwamnatin tarayya ta 'yan shekara 65 zuwa sama. Kuɗin likita ana auna shi da ma'auni uku: aikin likitan, kuɗin tafiyar da ofis, da inshorar kuskuren aiki, kuma kowanne ana ninka shi da ma'aunin tsadar yankin. Kuɗin asibiti kuma ana daidaita kashi 60 cikin 100 nasa da ma'aunin albashin ma'aikatan yankin, sauran kashi 40 ba ya motsi. A ce tushen kuɗin dala 1,000 ne. A birnin da ma'aunin albashinsa 1.5, za a ninka 600 da 1.5 a sami 900, a ƙara 400, ya zama dala 1,300. A yankin da ma'auninsa 0.8, lissafin zai ba da 480 da 400, dala 880. Tazara ce ta gaske, amma ba ta kai ninki biyu ba. To idan na ga asibitoci biyu ɗaya ya ninka ɗaya sau uku ko huɗu a kan lamba ɗaya, na san tsadar haya da albashi ba za su ɗauki wannan nauyin ba.

Ragowar tana wurin ciniki. Inshorar 'yan kasuwa ba ta bin jadawalin gwamnati, kowane kamfani yana zama da kowane asibiti su daidaita. Inda rukunin asibiti ɗaya ya saye kusan duk na yankin, shi ke faɗin farashi, domin kamfanin inshora ba zai iya sayar da tsarinsa a garin ba tare da shi ba. Binciken cibiyar RAND a kan alƙaluman 2022 ya nuna cewa masu inshorar 'yan kasuwa sun biya asibitoci kashi 254 cikin 100 na abin da Medicare za ta biya a kan ayyuka iri ɗaya. A jihohi irin su Akansas, Ayowa, Masachuset, Mishigan da Misisifi abin bai kai kashi 200 ba, yayin da a Kalifoniya, Fulorida, Jojiya, Niyok da Wiskonsin ya haura 300. A lura da Masachuset a jerin farko, jiha mai tsadar rayuwa. Wannan alƙalamin na ayyukan asibiti ne gaba ɗaya, amma yana nuna inda iskar take kaɗawa. Merilan kuwa daban take, can hukumar jiha ce ke tsayar wa kowane asibiti farashinsa, kuma duk masu biya kusan abu ɗaya suke biya a asibitin.

Abin da ya fi canza lissafi a hannuna shi ne ginin. Likita ɗaya, da hannu ɗaya, yana iya yin aikin ranar Litinin a sashen jeka-ka-dawo na babban asibiti, ranar Laraba kuma a cibiyar tiyata ta jeka-ka-dawo mai zaman kanta. Ko a Medicare, kuɗin ginin da ake biyan cibiyar kaɗan ya haura rabin na asibitin, a inshorar 'yan kasuwa kuma tazarar takan fi haka faɗi. Tarkon da ke nan shi ne ginin da ke bakin titi, nesa da asibiti, mai kama da ƙaramar cibiya, alhali asibiti ne ya mallake shi kuma da sunan asibiti yake caji. Ba a gane shi da ido. Nakan tambayi lambar wurin aiki da za su rubuta a takardar neman kuɗi: 24 cibiyar tiyata ce, 22 sashen asibiti ne a harabarsa, 19 sashen asibiti ne a wajen harabar, 11 ofishin likita ne. Wasu jihohi suna da dokar da ta ce sai an nemi izinin hukuma an nuna akwai buƙata kafin a gina sabuwar cibiya, shi ya sa wani yanki cibiyoyi birjik, wani kuma sai asibiti. Ba kowa ne ya dace da cibiyar ba. Mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, ko mai ƙiba sosai da numfashinsa ke ɗaukewa a barci, asibiti ya fi masa, kuma ban taɓa jayayya da likita a kan wannan don a rage kuɗi ba.

Sai barci. Hanya biyu ce. Ko dai likitan cikin ya ba da umarni nas ta sa allurar da ke kwantar da jiki, midazolam da fentanil, mutum yana tsakanin barci da farke, ko a kawo ma'aikacin sa barci ya ba da furofofol, mutum ya tafi gaba ɗaya ya farka da wuri. Ta biyun ce ke haifar da ambulan ta uku. Lambarta 00731, tana da maki 5 na tushe, ana ƙara maki ɗaya a kowane minti 15, sannan a ninka da farashin maki. Rabin sa'a ke nan maki 7, farashin makin kuwa shi ma ciniki ne. Nan al'adar yanki tana da ƙarfi ƙwarai. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2012 ya gano cewa a 2009, cikin masu inshorar 'yan kasuwa, kusan kashi 59 na irin waɗannan ayyuka a arewa maso gabashin ƙasar da ma'aikacin sa barci aka yi su, a yammaci kuwa kusan kashi 13. Tun daga lokacin furofofol ya ƙara yaɗuwa, har wasu cibiyoyi ba su da wani zaɓi. Sai a tambaya tun wuri wace hanya suke bi, kuma a tambayi kamfanin inshora ko zai biya, domin wasu ba sa biya wa mai ƙoshin lafiya sai likita ya rubuta dalili.

Ambulan ta huɗu ce mutane ba sa tsammani, kuma ita na fi daɗewa a kai. A gefen gadon aiki akwai tire da ƙananan kwalabe na fomalin, ruwan da ke adana nama. Likita ya tsinko nama, nas ta buɗe bakin hantsakin a cikin kwalba ta karkaɗe, ta rufe, ta manna takarda mai sunan wurin da aka ɗauko: ƙasan tumbi, tsakiyar tumbi, ƙaramin hanji. Ɗakin gwaji da kwalba yake caji, lamba 88305, kowace kwalba kuɗinta. Tsinka biyar a kwalba ɗaya caji ɗaya ne, tsinka biyar a kwalba uku caji uku ne.

Yawan kwalaben kuwa abin da ake nema ne ke kawo shi. Idan ana duba kumburin tumbi da ƙwayar H. pylori ta tsarin Sidni, tsinka biyar ake yi: biyu a ƙasan tumbi, ɗaya a lanƙwasarsa, biyu a tsakiya. Idan ana zargin cutar siliyak, wadda alkama ke tayarwa, ana ɗaukar aƙalla huɗu daga cikin ƙaramin hanji da ɗaya ko biyu daga bakinsa. Mai cutar Barrett, wanda ƙwannafi na shekaru ya sauya masa fatar hanyar abinci, ana tsinka masa kusurwa huɗu a kowane santimita 1 zuwa 2, kuma akan ware kowane mataki a kwalbarsa don a san inda matsala take idan an same ta. Mai dogon Barrett zai iya tashi da kwalba huɗu ko biyar. A kan haka ana iya ƙara rini na musamman don a fito da ƙwayar cuta, lamba 88312 ko 88342, kowanne da kuɗinsa. Wani lokaci ma kuɗin gwajin yakan rabu biyu, na shirya naman a gilashi daban, na likitan da ya karanta daban. Ba na ce wa kowa ya roƙi likita ya haɗe kwalabe. Raba su yana da dalili, kuma sakamakon da ba a san daga ina naman ya fito ba zai iya jawo a sake aikin. Abin da nake yi shi ne in tambayi kwalba nawa likitan ya saba turawa a irin wannan larura, da sunan ɗakin gwajin da yake turawa, in yi lissafi da mafi yawa.

Wurin samun alƙaluma ya fi da sauƙi yanzu. Tun 1 ga Janairu 2021 doka ta wajabta wa asibitoci su buga farashinsu a intanet, kuma 43235 da 43239 suna cikin ayyuka 70 da CMS, hukumar da ke kula da Medicare, ta ware da suna. A fayil ɗin za a ga farashi kala-kala a kan lamba ɗaya. Na jeri, wanda ya fi kowanne girma, kusan ba mai biyansa, kada ya firgita mutum. Wanda ake nema shi ne na kamfanin inshorarka da tsarinka, ko na mai biya da kansa. Dokar ba ta hau kan cibiyoyin tiyata masu zaman kansu ba, su sai an kira su a waya. Wanda ba shi da inshora, ko ya zaɓi kada ya yi amfani da ita, yana da haƙƙin karɓar rubutaccen ƙiyasi da ake kira Good Faith Estimate tun Janairu 2022. Idan kuɗin da wani mai caji ya aiko ya haura ƙiyasinsa da dala 400 ko fiye, ana iya kai ƙorafi cikin kwana 120. A aikace takardar takan ƙunshi kuɗin wanda ya rubuta ta kawai, don haka huɗu nake nema, ɗaya daga kowane mai ambulan. Dokar da ta kawo wannan haƙƙin, wadda ta fara aiki a 2022, ta kuma hana mai sa barci ko likitan gwaji da ba ya cikin yarjejeniyar inshorarka ya caje ka rara, matuƙar asibitin ko cibiyar tana ciki. Aikin da aka yi a ofishin likita bai shiga wannan kariyar ba.

Mai inshora ya duba nawa ya rage masa a kuɗin da sai ya fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. Yawancin tsare-tsare a Janairu suke komawa sifili, shi ya sa aiki ɗaya a Disamba da a Fabrairu yakan bambanta a aljihun mutum fiye da bambancin jihohi biyu. Kuma leƙa tumbi ba ya cikin gwaje-gwajen rigakafi na kyauta irin na duba babban hanji. Wanda kuwa likita ya rubuta masa duka biyun, yin su rana ɗaya yana rage kuɗi: barci ɗaya ne, lamba 00813, kuma a cibiyar tiyata Medicare rabin kuɗin gini take biya a kan aiki na biyu.

Asarar da ta fi ba ni takaici ita ce aikin da aka biya bai yi amfani ba. Idan aka zura na'ura aka tarar da abinci a tumbi, dole a janye, kuma tunda an riga an sa barci, ginin yana da damar cajin cikakken kuɗinsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar abinci mai nauyi sa'a 8 kafin aiki, ruwa garau kuma sa'a 2. Mai shan allurar rage ƙiba ko ta sukari irin semagulutaid ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, domin tana jinkirta saukar abinci. Mai shan maganin ƙwannafi irin omefurazol da ire-irensa ya tambayi likita ko ya dakata mako 2 kafin aiki, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba H. pylori takan ɓuya, gwaji ya ce babu alhali tana nan. Wanda ake zargi da siliyak kada ya daina cin alkama kafin a tsinki naman, hanjin zai fara warkewa sakamakon ya fito lafiya lau. Maganin tsinka jini kuwa kada mutum ya ajiye shi da kansa, sau da yawa ana yin bayofsi ana kan shansa.

Masu son tafiya wata jiha don araha nakan sa su ƙara abu uku a takardar: kuɗin hanya da masauki na mutum biyu, tunda ba a sallamar wanda aka sa barci sai da mai raka shi kuma ba zai tuƙa mota ranar ba, ganin likitan can kafin aiki idan ya buƙata, da tabbacin cewa inshorarsu tana aiki a wajen jiharsu. Kafin su sayi tikiti, nakan fara kiran cibiyoyin tiyata biyu ko uku da ke cikin tafiyar sa'a ɗaya daga gidansu, in ba su lambobi uku, 43239 da 00731 da 88305 sau uku, in rubuta amsar kowacce da sunan wanda ya amsa da kwanan wata.